Mun je Burmi, wa zai bi mu sauran hanyar?

Malam Na Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Alƙawari kaya ne, yau na zo saukewa. Asabar ɗin da ta wuce ni da Baban Sadiq da wani tsohon ɗalibina mun je Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a yaƙi da Turawan Ingila ranar 27 ga Yuli, 1903. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da wannan yaƙi a sakandare. Nakan zana taswira a allo, in ja layi daga Sakkwato ya yi gabas, in ɗiga alli in ce wa yara nan ne Burmi. Ƙafata ba ta taɓa taka wurin ba sai bana da na ajiye aiki, alhali daga Jos tafiyar rabin yini ce.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. Tilden Fulani, Magama, Nabardo, muka karya da masa a Bauchi, muka miƙe ta Alkaleri har Gombe, daga nan muka ɗauki hanyar Bajoga. Wurin yana ƙaramar hukumar Funakaye, ba nisa da Ashaka mai siminti. Da gangan na zaɓi ƙarshen Yuli, don ina so in ga ƙasar a irin lokacin da aka yi abin.

To me muka tarar? Gona. Gero da dawa sun kai ƙugu, ga gyaɗa, ga wani dattijo yana noma da jikokinsa. Shi ya ajiye fartanya ya zagaya da mu. Ya kai mu kabarin Sarkin Musulmi, muka yi sallama muka yi addu'a. Ya nuna mana na Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci harin, wanda kibiya mai dafi ta kashe a ranar. Sannan ya nuna mana inda ya ce ganuwa ta bi. In ba an faɗa maka ba, cewa za ka yi kunyar gona ce ta ɗan yi tudu.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Duk shekarun nan yaƙi nake koya wa yara, runduna ta gamu da runduna. Da na tsaya a wurin sai na ga rabin magana na yi ta karantarwa. Daga Giginya, inda aka gwabza a Sakkwato ranar 15 ga Maris, zuwa ranar Burmi, kwana 134 ne. A miƙe tazarar ta haura kilomita 700, su kuwa ba a miƙe suka bi ba. Attahiru da jama'arsa sun taso hijira zuwa gabas da niyyar Makka cikin tsananin bazara, damina ta riske su a hanya. Kuma ba mayaƙa kaɗai ba ne. Mata ne da goyo, tsofaffi, almajirai da allunansu, Fulani da shanunsu, talakawan da suka bar gonaki ana dab da shuka suka bi bayansa. Mu da muka zo a mota mai sanyi sai da bayana ya ƙage. Na dubi lakar nan, na dubi ciyawa, na ce wai me dubban mutanen nan suke ci a watan Yuli, lokacin da rumbun mai gari ma ya yi ƙasa? Wannan tambayar ba ta taɓa zo mini a gaban allo ba.

Shawarata ita ce, tunda mun fara daga ƙarshe, mu bi sawun da baya da baya. An yi Burmi, saura Kano da Bebeji, sannan Sakkwato. Wa zai bi mu?

Baban Sadiq:
Malam ya ɓoye muku wani abu. Mota mai sanyin da yake faɗa tawa ce, kuma sanyin tun daga Alkaleri ya mutu. Da muka sauka daga kwalta ta kafe a laka, sai da samari shida suka turo mu. Malam yana gefe da carbi yana cewa a yi haƙuri, haka mutanen Attahiru suka sha. Na ce Allah ya gafarta Malam, su ba bakanike ke jiransu ba. Amma wallahi ban yi da-na-sani ba. Ni ɗan kasuwa ne, tarihina bai wuce na rediyo ba, amma da dattijon nan ya nuna da hannu ya ce a nan ne, sai da tsigar jikina ta tashi. Mai niyyar zuwa ya bari sai kaka, ko ya ajiye mota a Bajoga ya hau babur.

Ɗan Dilimi:
Wato kun ƙona man Jos zuwa Bajoga da dawowa, a wannan marra, don ku ga gonar dawa? Ai da kun faɗa mini da na kai ku gonakin Mista Ali nan kusa da Jos kyauta. Baba Malam a yi mini afuwa, amma kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. An ci mu da yaƙi, an gama. Me za a je a tono?

'Yar Rikkos:
Ɗan Dilimi kai dai ba ka rabuwa da tsokana. Baba Malam sannunku da hanya. Tambaya biyu gare ni. Na ga wasu suna rubuta Burmi, wasu Bormi, wasu Mbormi, wanne ne daidai? Sannan me ya sa can? Mutumin da ya nufi Makka, me ya tsayar da shi a wani ƙaramin gari a bakin Gongola?

Malam Na Gangare:
'Yata, duk wuri ɗaya ne. Littattafan Turawa Burmi suka rubuta, mu ma muka ɗauka. A takardun jihar Gombe kuwa Mbormi za ki fi gani. In za ki tambayi hanya ki ce Mbormi, an fi saurin gane ki.

Burmi ba ƙaramin gari ba ne a wancan zamani, ko da bai da girman Kano. Cibiyar Malam Jibrilla Gaini ce, malamin nan na Mahadiyya da ya gagari sarakunan Gombe shekara da shekaru, har Sarkin Gombe Zailani ya rasa ransa a yaƙi da shi. Turawa sun kama Malam Jibrilla a 1902 suka kai shi Lakwaja, amma jama'arsa suna nan da ganuwarsu da kwari da baka, kuma sun saba a kewaye su su ƙi faɗuwa. Ga Dutsen Bima a yankin, wanda mutane da yawa suka yi imani yana da alaƙa da bayyanar Mahadi. Ga shi kuma a kan hanyar gabas, hanyar alhazan ƙasa. Ki duba ikon Allah, garin da ya yi wa daular Sakkwato tawaye shi ya buɗe wa Sarkin Musulmi ƙofa da duniya ta yi masa ƙunci.

Kuma sau biyu aka yi yaƙin, ba sau ɗaya ba. Ranar 13 ga Mayu Kyaftin Sword ya kai hari, mutanen Burmi suka ji wa sojojinsa da yawa rauni, ya janye ya koma Bauchi. Wannan nasarar ba a cika faɗinta ba. Sai da suka tattaro sojoji daga wurare daban-daban, da igwa da bindiga mai ruwa, sannan suka dawo a Yuli. Wuni aka yi ana yi har magariba. A lissafin Turawan da kansu, gawarwakin mutanen garin da baƙinsu sun haura 600.

Ɗan Dilimi, ɗana, ban manta da kai ba. Zan zo kanka.

Ustaz Na Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Malam uba ne, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Hadisi ya tabbata cewa ba a ɗaura sirdi don ziyarar ibada sai zuwa masallatai uku. Yau an je kabarin Attahiru da sunan tarihi, gobe wani zai je neman haihuwa, jibi a fara ɗibar ƙasar wurin ana jiƙa wa marasa lafiya. Haka abin yake farawa, ba wanda yake farawa da mugun nufi.

Kawu Na Bukur:
Ustaz, Umara nawa ka yi? Da aka loda ku a bas aka nufi Uhudu, ka ce wa direba ya sauke ka? Ka hau dutsen maharba ko ba ka hau ba? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ziyarci shahidan Uhudu. Alƙur'ani kuma ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba. Malam bai ce albarka ya je nema ba.

Ustaz Na Anguwar Rogo:
Kawu, Uhudu a Madina take, ba dominta aka yi tafiyar ba. Amma na ji. In niyyar ita ce a ga wuri, a yi sallama, a yi musu addu'a a wuce, ba ni da ja. Sharaɗina ɗaya. In na bi ku na ga wani ya duƙa yana cusa ƙasa a aljihu, a nan take zan buɗe wa'azi.

Baban Sadiq:
Ƙasar Burmi kam mun ɗebo, Ustaz, tana nan maƙale a ƙarƙashin motata. Mai so ya zo da bokiti.

Mai Zaure:
Jama'a a bar wannan gaɓar haka. Kun san dokar zaure, ba Izala ba ɗariƙa, ba jam'iyya. A koma kan hanya.

Bakanon Terminus:
In an zo Kano ni ne ɗan jagora, ba na neman ko sisi. Kanar Morland ya taso daga Zariya a ƙarshen Janairun 1903, ya fasa Bebeji ranar 1 ga Fabrairu, ranar 3 ga wata yana bakin ganuwar Kano. Sun fara gwada igwa ta wajen Ƙofar Dukawuya ba su ci nasara ba, suka zaga ta Kabuga suka fasa suka shiga. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. Sarkin Shanu aka bar wa gari, kuma a gidan sarki ya mutu yana faɗa.

Sai dai ina gargaɗinku, kada ku zo da tsammanin ganin abin da Lugga, shugaban Turawan mulkin Arewa, ya gani ya riƙe baki. Badalar nan yau wani wurin an yanka fulotai, wani wurin an kwashe ƙasar an yi gini, wani wurin bola ce. Kabuga kuwa gadar ƙasa ce da hayaniyar 'yan adaidaita. Abin haushi, ni Bakano, sai da na zo Jos na ga kwaikwayon ganuwar Kano da aka gina a harabar gidan tarihi, sannan na gane yadda take da kyanta. Ita ma ruwan Jos yana cinta a hankali.

Ɗan Dilimi:
Sarkin da ya sulale da dare ya bar rundunarsa? A nan ma akwai abin kallo?

Bakanon Terminus:
Kai yaro, iya bakinka. Alu ya yi yaƙin basasa ya ci, ya yi ta gwabzawa da Damagaram, ba a kiran irinsa matsoraci a zaune. Yana hanyar dawowa labari ya riske shi cewa Kano ta faɗi. Gaskiya ne ya rabu da jama'a cikin dare ya yi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, aka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu a 1926. Rundunar ta dare biyu. Wambai Abbas ya komo Kano da nasa mutanen, shi ya zama sarki. Waziri Ahmadu ya gamu da Turawa ta wajen Kwatarkwashi a ƙarshen Fabrairu, ya yi shahada a nan. Su ukun nan 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi ne. Gida ɗaya, hanya uku. Har yau a Kano in ka tayar da wannan zance a majalisa sai an rabu.

'Yar Rikkos:
Akwai abin da yake damuna tun ina aji biyu a jami'a, bari in faɗe shi ko za a yi mini ca. Kullum cewa muke Turawa sun ci Kano. Rundunar Morland Turawan cikinta ba su kai hamsin ba. Sojoji baƙar fata sun haura 700, da yawansu Hausa suke ji, kuma da Hausa ake yi musu magana a bariki. 'Yan dakon da suka ɗauko harsashi da igwa a ka su ma namu ne. Wasu bayi ne da suka tsere, wasu talauci ya kai su neman albashi. To in mun ce za mu bi sawu, sawun wa muke bi? Ba mamaki a zauren nan kakan wani yana cikin ganuwar Burmi, kakan wani yana waje yana ɗura harsashi.

Ɗan Dutse:
Sannunku. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban sa baki ba, maganar ƙanwata ce ta fito da ni. Ni ɗan asalin tudun nan ne, a Jos na tashi, da Hausa na girma, kuma Malam ya koyar da ni a sakandare, saboda haka da ladabi zan yi magana. Ku kuna cewa shahidai, ban hana ku ba. Amma a gidanmu labarin da kakata ta ba ni na mahaya dawaki ne da suke zuwa daga wajen Bauchi kamun bayi. Shi ya sa tsofaffin ƙauyukanmu suke kan duwatsu, shi ya sa aka kewaye su da shingen ƙerana, hanya ƙarama yadda doki ba zai juya ba. Ban ce Bature alheri ya kawo mana ba. Da suka zo neman kuza mu ma sun ƙona mana ƙauyuka da bindigar nan mai ruwa. Amma in za a yi yawon filayen yaƙi, duwatsun da kuke gani kullum ta taga su ma filin yaƙi ne, kuma ba sai an cika tanki ba. A faɗi duka.

Malam Na Gangare:
Ɗana, na gane ka, kai ne mai zama a layin baya kusa da taga. Ba sai ka nemi afuwa ba, gaskiya ka faɗa. Daular Sakkwato daular ilimi ce, kuma daula ce mai bayi da yawa. Malamin da ya koyar da ɗaya ya ɓoye ɗaya ya ha'inci ɗalibansa, kuma ina tsoron a wasu shekarun na yi hakan. Ba ku kaɗai ba ma. Mutanen Ningi, ƙarƙashin malaman da suka taso daga ƙasar Kano, sun kai rabin ƙarni suna yaƙi da Bauchi da Kano da Zazzau daga cikin duwatsunsu.

Lugga kansa da zancen bayi ya kafa hujja, ya haɗa da kisan Kyaftin Maloni da Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya yi a Oktoban 1902 ya gudu Kano aka karɓe shi. Amma abin da yake gabansa daban ne. Faransa tana matsowa ta arewa, Jamus ta gabas, sauri yake kada a riga shi. Shi Magajin ma a Burmi ya ƙare.

Na karɓi shawararka. Kafin Kano, mu ware Asabar ɗaya ka kai mu tsohon ƙauyenku, a samo mana tsoho mai labari mu zauna a gabansa. Sharaɗi, a ba mu gwate.

Ɗan Dutse:
An gama, Malam. Gwaten acca, da zafinsa. Amma hawa ne sosai, Baban Sadiq ya bar motarsa a ƙasa ta huta.

Hajiya Maman Ilham:
Ni ƙorafi na zo da shi. An shirya tafiya ko tayi ba a yi mana ba, sai hotuna muka gani, kamar tarihin na maza ne su kaɗai. Malam da bakinsa ya ce mata da goyo suka yi tafiyar nan da ƙafa, amma mu an ga ba za mu iya zaman mota ba.

Sannan akwai abin da na tuna. Shekarar da na sauke farali na haɗu da wata tsohuwa a Mina, muna layin ruwa. Hausa take yi tsaf, irin ta Sakkwatawa, amma da wasu kalmomi da ban taɓa ji ba sai a bakin kakata. Na ce Hajiya daga wace jiha? Ta ce ita 'yar Sudan ce, daga Mai Wurno, ba ta taɓa ganin Nijeriya ba. Ta ce kakanninta da ƙafa suka je bayan yaƙin Nasara. Ta tambaye ni ko har yanzu ana fura da nono a Sakkwato. A lokacin Allah sarki kawai na ce na wuce. Malam, su ne?

Malam Na Gangare:
Su ne, Hajiya, kuma a yi mana afuwa kan tayin, laifina ne. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira daga Burmi ya ci gaba da sauran jama'a, suka yi ta gabas har suka zauna a bakin wani reshe na Kogin Nilu kusa da Sinnar, garin ya ɗauki sunansa. Kin ga ke nan na yi kuskure da na ce mun fara daga ƙarshe, Burmi tsakiyar hanya ce ga waɗanda suka rayu. Abin da yake ba ni tausayi, ƙasar da suka isa suna gudun Nasara, tun 1898 Ingila ta riga ta ci ta da yaƙi. Yanzu kuma yaƙin Sudan da ya ɓarke a 2023 ya taɓa yankin nasu. Allah ya sa tsohuwar nan tana lafiya.

Kawu Na Bukur:
Amin. Ƙanen kakana yana cikin waɗanda suka bi. Daga ƙasar Kano suke. Da ayarin ya ratsa kusa da garinsu ya ajiye garma ya shiga, ya bar mata da tsohon ciki, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ko a Burmi ya kwanta, ko zuriyarsa ce Hajiya ta gani a layin ruwa, Allah masani. Kakana kuwa ya zauna, ya riƙe matar da abin da ta haifa, ya biya wa Bature haraji, da harajin ya ishe shi ya taho Bukur haƙar kuza. Shi ya sa nake nan. Ina yaro in tsofaffin gidanmu suka tayar da zancen, rabi su ce wanda ya tafi ya fi imani, rabi su ce to wa ya ciyar da marayan?

Ɗan Dilimi:
Kawu ai a fili take. Wanda ya tafi shi ne namiji. Irin su Wazirin Sakkwato Buhari da suka zauna su suka miƙa wa Bature ƙasa a faranti.

Malam Na Gangare:
To ga ni na zo kanka. Tun kafin Bature ya iso an yi wannan muhawarar a Sakkwato, a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a yi hijira, kuma manyan malamai suka rabu, kowa da hujjarsa daga littafi. Bayan an watse a Giginya, Waziri Buhari ma ya fita daga gari. Ya dubi jama'ar da ba za su iya tafiya ko'ina ba, ya nemi fatawar malaman da suke tare da shi, suka ce ya halatta a yi sulhu a zahiri in an fi ƙarfinku, don a tsare addini da rayuka. Ya komo. Daga baya ya rubuta risala da Larabci yana bayyana uzurinsa, kuma mai karanta ta zai ga mutum ne da zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ranar 21 ga Maris Lugga ya tabbatar da Attahiru na biyu, ya yi alƙawarin ba zai hana addini ba.

Kana iya cewa Waziri ya yi kuskure, akwai masana da suke ganin haka. A 1906 da mutanen Satiru suka tayar, sarakunan da suka zauna ne suka taya Bature murƙushe su, aka shafe garin. Wannan tabo ne, ba na wanke shi. Amma faranti? Kana kwance a Dilimi da waya a hannu? A Giginya fili ne, doki da mashi da takobi suka fuskanci igwa da bindiga mai ruwa. Kafin rana ta take an gama. Waɗanda suka tsaya a gindin tuta, ɗaya ya faɗi ɗaya ya ɗauka, har suka ƙare. Tutar nan sai a 1960 aka mayar wa Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ka tambaye ni me za a je a tono. Ni dai da bakina mai kaifi na je Burmi, shekara talatin da biyu ina raba wa matattu maki, wannan jarumi wannan maci amana. Da na dawo na ji bakin ya yi nauyi. Ka zo mu je, in naka bai yi ba ka dawo ka ci gaba.

Ɗan Dilimi:
Na janye faranti, Baba. Amma fa ban janye maganar kuɗin mai ba.

Bakanon Terminus:
Malam, kada a sa wa yaron rai da yawa. Giginya yanzu gari ya cinye ta, sunan ya koma na filin ƙwallo da bariki da otal. Sai dai a nemi dattawan Sakkwato su nuna inda abin ya kasance, a shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu, a je Hubbare.

Mai Zaure:
To a tsayar da magana. Kwatarkwashi fa, tana cikin lissafi?

Baban Sadiq:
Ba da motata ba. Ina da iyali. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau ba wurin da za ka faka ka fito da kyamara kana tambayar ina aka kashe Waziri Ahmadu ba ne. Attahiru ya ratsa ƙasar nan da mata da yara da shanu, mu mutum biyar a mota muna lissafin ƙarfe nawa za mu wuce Tsafe.

Kawu Na Bukur:
Allah ya kawo mana ƙarshen abin nan. A bar Kwatarkwashi sai ƙura ta lafa, dutsen ba ya gudu.

Malam Na Gangare:
Na yarda. Sakkwato ma a ɗage ta zuwa bayan damina mu ga yadda hanya za ta kasance, in ta kama a bi jirgi daga Abuja sai a fara adashi. Kano kuwa, in sawun Morland za a bi, ta Saminaka da Pambeguwa za mu shiga Zariya, mu fara daga inda ya fara, mu tsaya Bebeji, mu kwana Kano.

'Yar Rikkos:
Baba, a sa Gidan Makama a ciki. Kuma don Allah wannan karon a ɗauki muryar dattawan a waya, da izininsu. Dattijon Burmi da ya zagaya da ku, ko kun tambaye shi daga wa ya ji?

Malam Na Gangare:
Ban tambaya ba, 'yata. Kin kama ni. Sai mun koma da kaka.

Hajiya Maman Ilham:
A rubuta ni da ƙanwata, Kano da ƙauyen su Ɗan Dutse duka. Dambun nama da ruwan zafi a kaina.

Ustaz Na Anguwar Rogo:
A rubuta ni, da sharaɗina.

Baban Sadiq:
Mutum huɗu motar take ɗauka ban da ni, kuma tana wurin bakanike har Laraba. In mun haura haka sai a yi shatar bas a tashar Bauchi Road a raba kuɗin. Mai Zaure, buɗe rajista. Ɗan Dilimi, kana ciki ko a ba wani kujerar?

Ɗan Dilimi:
Wa ya ce a ba wani? Kusa da dambun za a sa ni.